Kalmar da Na Bari a Shafi na Bakwai

Jama'a, yau ban zo da wasa ba. Masu turo min saƙo kuna cewa, "Sakatariya, kin cika haƙuri, Allah ya ba mu zuciya irin taki," don Allah ku dakata da wannan addu'ar har ku ji ƙarshen zancen. Kwana uku ke nan ina rubutawa ina gogewa. Mai zagina ya zage ni, na cancanta, amma ya bari in kai aya tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni sakatariya ce a wani kamfanin rarraba kayan lantarki: wayoyin wuta, ƙwayayen fitila, soket da makamantansu. Shekarata ashirin da shida. Teburina yana bakin ƙofar Manaja, kusa da injin buga takardu wanda ba ya jin maganar kowa sai tawa. Wanda nake so kuma shi ne mai kula da sito. Kowa Mai Sito yake ce masa. Ni kaɗai nake kiransa Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofishinmu.

Turanci ne ya haɗa mu. Shekara biyu da suka wuce ya zo teburina da takarda a hannu, yana sosa ƙeya kamar ɗalibin da ya makara.

"Sakatariya, don Allah duba min wannan kafin Manaja ya gani."

Na duba, na ga kuskure goma sha ɗaya a layi shida. Na gyara da jan biro na miƙa masa. Washegari ya kawo wata. Bayan wata guda na lura yana kawo min har takardun da babu abin gyara a cikinsu, sai ya tsaya yana tambayata ko waƙafin ya zauna daidai. Tun daga nan babu harafin da ya fita daga sito zuwa sama bai bi ta hannuna ba. Ni ce Turancinsa. Ku riƙe wannan, don a nan ciwon yake.

Wata uku da suka wuce wani babban kamfani ya saye namu. Sababbin masu gida suka ce kafin su fara sauye-sauye, dole mu iya yaren da za su yi mana magana da shi. Suka turo mana malama, kowace Talata da Alhamis bayan cin abincin rana, a ɗakin taro.

Ranar farko ƙawata mai karɓar baƙi, wadda muke kira Rediyo saboda ba a kashe ta, ta leƙo teburina tana fifita da fayil.

"Kin ga malamar kuwa?"

"Ban gani ba. Tsohuwa ce?"

"Tsohuwa? Tashi ki gyara ɗaurin ɗankwalinki, 'yar'uwa. An kawo mana bala'i cikin takalmi mai tsini."

Wallahi na so in same ta da muni. Na duba daga sama har ƙasa ban samu ba. Doguwar riga ruwan toka ba ado ko ɗaya, mayafi mai taushi da ba ya zamewa ko ta juya da sauri, siririn agogo, da tabarau mai zaren zinariya. Ba ta fi ni da shekara uku ba. Idan ta yi Hausa kamar a tsakar gidanmu aka haife ta, idan ta juya Turanci kuma sai ka rantse ba ta taɓa cewa "sannu" ba.

Ta rubuta kalmomi a farin allo, ta juyo.

"Waɗannan za ku riƙa ji kullum daga yanzu. Merger, wato kamfani biyu sun haɗe sun zama ɗaya. Restructuring, wato a sauya tsarin gida, a ɗaga wannan a ajiye can. Phase out, a janye abu a hankali har ya ɓace ba a yi hayaniya ba. Wa zai sa min ɗaya a jimla?"

Na ɗaga hannu. A makaranta ni nake zuwa ta ɗaya a Turanci, har yau takardar yabon tana rataye a falonmu kusa da agogo. Amma idonta ya tsallake ni ya sauka a bayan ɗaki.

"Kai mai tsawo, gwada mana."

Dogo ya miƙe yana in'ina, ya haɗa wata jimla gurguwa a kan tsofaffin fitilu da za a daina kawowa. Ta tafa masa. Tafi fa, jama'a, da hannu biyu! Ni shekara biyu ina gyara masa jimla ban taɓa ganin haƙoransa sun fito kamar na ranar ba.

Daga nan abin ya zama jiki. Duk wasan kwaikwayon da za a yi a aji, shi ne manaja ita ce baƙuwa daga babban ofis. Ni kuwa ta haɗa ni da direban Manaja, mutumin da ke barci da ido a buɗe. Takardun sito suka daina zuwa teburina. Da na tambaya sai ya ce, "Ai Malama ta ce in riƙa gwadawa da kaina, kada in dogara da kowa."

Kowa. Ni ce na koma kowa.

A gida kuma ga wata wutar. Gwaggo, yayar Abba, ta tare a gidanmu tun da aka yi mata aikin ido, kuma ido ɗayan da ya rage a kaina yake. Ina shigowa da yamma, ban ko cire takalmi ba, za ta fara daga kan doguwar kujera.

"Har yanzu dogon nan bai gama auna hanya ba? Shekara biyu yana shanye mana shayi."

Umma tana ninke wanki za ta ce, "Yaya, bar ta ta huta mana."

"Ta huta? Ƙannenta biyu suna bayanta a layi. Ko sai ta fara furfura a kan injin buga takarda?"

Abba ba mai yawan magana ba ne, amma ranar wata Lahadi ya kira ni, ya rage muryar rediyo, ya ce, "Uwata, ki gaya wa yaron nan ina son ganin babbansa kafin watan nan ya ƙare. Idan da gaske yake, bismilla. Idan ba haka ba, kowa ya san inda ya dosa."

Na gaya wa Dogo. Bai yi gardama ba. Ya ce kawunsa zai zo ranar Asabar ta ƙarshen wata. Wannan kawun shi ya riƙe shi tun mahaifinsa ya rasu, shi ya sa shi makaranta, shi kuma ya roƙa masa aiki a kamfaninmu. Kawu yana tuƙa motar ɗaga kaya a sito shekara ashirin da biyu. Ko an ɗauke wuta ya san inda kowane kwali yake. Idan ya gan ni a farfajiya sai ya danna hon sau biyu ya ce, "'Yata, a ba ki hanya ko ki ba mu?"

Ya kamata in yi murna, ko ba haka ba? To a makon ne aka sanar cewa wakilin sababbin masu gida zai zo ranar Laraba, kuma kowane shugaban sashe zai tashi ya yi bayanin yadda yake so a sauya sashensa. Da Turanci. Malama ta ce za ta riƙa zama da Dogo bayan tashi daga aiki, don nasa sashen ne ya fi girma.

Ɗakin taron namu bangon gilashi ne. Ina zaune ina jera fayilolin da na riga na jera, ina kallonsu. Tana nuna masa yadda zai tsaya, yadda zai ajiye hannunsa, inda zai ja numfashi. Sau ɗaya ta miƙa biro ta taɓa kafaɗarsa don ya miƙe sosai. Biro ne, na sani, ba hannu ba. Amma sai da na ji kamar ni aka soka da shi.

Rediyo ta zo wucewa da jakarta. "Har yanzu kina gadi?"

"Aiki nake."

"Aikin leƙe ba. Ni dai na ji tana ce masa shuɗin nakatayi zai fi masa kyau. Sai da safe."

Ranar Lahadi ya zo gidanmu da leda. Na ɗauka wani abu ya kawo min. Nakatayi ne, shuɗi, wai in gani ko ya yi. Muna falo, Gwaggo tana gefe tana jan carbi da kunne a miƙe. Don in nuna masa ni ma ina bin karatun, na ce, "To Allah ya sa wannan restructuring ɗin ya zame mana alheri."

Sai ya yi murmushi. "Ba haka ake faɗa ba. Malama ta ce a tsakiya ake danna kalmar." Ya maimaita min a hankali, gaɓa gaɓa, kamar mai koya wa jariri cin abinci.

Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. "Au! Yau ɗalibi ya gyara wa malamarsa. Wace ce kuma wannan Malamar da ba ta fita daga bakinka?"

"Malamarmu ce a ofis, Gwaggo. Akwai ilimi."

"Da aure?"

"Ban tambaya ba."

"Ka kyauta," in ji Gwaggo, tana kallona da ido ɗayan nan.

Na shiga kicin na tsaya gaban tukunyar da babu komai a cikinta har ya yi sallama ya tafi.

Yanzu ku matso, ga inda na ɓata.

Akwai wata Alhamis da Dogo bai shiga aji ba saboda babbar mota ta zo da kaya. A ranar Malama ta koya mana kalmar downsize. Ta cire tabarau ta ce, "Wannan ku yi hankali da ita. Tana da laushi a baki amma wuƙa ce. Ma'anarta a rage ma'aikata. A sallami mutane." Na rubuta a littafina, har na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Shi kuwa Dogo, ranar Litinin, don ya burge ta, ya ƙara shafi na bakwai a jawabinsa ba tare da ya nuna mata ba. Abin da yake nufi mai kyau ne. Yana so ya raba mutanen sito su goma sha shida zuwa ƙananan rukunoni, kowane rukuni da layin kayansa, don a daina karo da juna wajen lodi. Ya ga kalmar a intanet, ya ɗauka tana nufin a mayar da abu ƙanana ƙanana. Ya rubuta cewa shawararsa ita ce a yi wa ma'aikatan sito downsize.

Talata da la'asar ya tura mata jawabin, ya turo min ni ma don in buga, ya fita karɓar kaya. Ƙarfe biyar saura saƙonta ya shigo kwamfutata. Har yanzu yana nan, ban goge ba.

"Sannu da aiki, 'yar'uwa. Ga jawabin na gyara. Don Allah wannan za ki buga, ki yar da na farko. Shafi na bakwai akwai kuskure mai haɗari, na canza shi zuwa reorganise. Na kira shi bai ɗauka ba, kuma gobe da sassafe zan tafi ɗaya reshen, ba zan kasance a taron ba. Ki nuna masa layin da kanki. Dogo ya yi ƙoƙari sosai, kada kalma ɗaya ta ɓata masa."

Dogo.

Na karanta saƙon ya fi sau goma, amma kalma ɗaya nake gani. Wa ya gaya mata wannan sunan? A wane zama? Yana dariya ya faɗa mata, ko ita ta tambaya? Sunan da ko Umma ba ta taɓa ji a bakina ba, ga shi a saƙon wata, ta rubuta shi hankali kwance kamar ita ta raɗa.

Fayil biyu suna gabana a allo, na farko da na biyu. Ba zan ce muku shaiɗan ba ne, don na gaji da ɗora masa kayana. Ni ce. Na ce a raina: bari ya ɗan ji kunya. Baƙon zai yi dariya, Manaja zai gyara masa, zai fito yana gumi ya gane cewa Malamar tasa ba ta kai yadda yake zato ba. Iyakar abin da na hango ke nan, Allah shi ne shaida.

Na danna na farko. Injin ya karɓa ba gardama, shi da kullum sai na lallashe shi. Kwafi shida, na jera, na maƙale, na sa a bango mai ruwan ganye.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayata: "Malama ta ce ta gyara ta turo miki. Kin buga?"

Na rubuta: "Na buga."

"Allah ya bar min ke."

Na ajiye wayar a kife.

Laraba ƙarfe goma muka shiga ɗakin taro. Ni ce mai rubuta abin da aka tattauna, don haka kujerata tana ƙarshen tebur. Na sa doguwar rigata ruwan ƙasa da farin mayafi, na fesa turaren da ya saya min. Dogo ya shigo da farar riga da shuɗin nakatayin nan, ya yi aski, ya yi kyau har na ji haushi. Wakilin sababbin masu gida wani mutum ne gajere mai sanƙo, da ƙaramar kwamfuta a gabansa, ba ya murmushi ba ya ɓata rai.

Dogo ya fara. Jama'a, ya iya. Ya tsaya yadda ta koya masa, ya ja numfashi inda ta nuna masa. Shafi ɗaya, biyu, har shida, ko tuntuɓe babu. Manaja yana gyaɗa kai. Ni kuwa ina ƙirga shafukan. Ya buɗe na bakwai, ya karanta layin da ƙarfinsa, har da ɗan murmushin wanda ya zo da abin mamaki.

Na jira dariya. Ba wanda ya yi.

Baƙon ya ɗago kai a karon farko. Ya dubi Dogo da kyau, ya tambaye shi da Turanci, "Nawa?"

Dogo ya ɗauka rukuni nawa ake nufi. Ya ɗaga yatsu. "Huɗu."

"Huɗu," in ji baƙon, yana rubutawa. "Kuma aiki ba zai tsaya ba?"

"Zai ma fi sauri, ranka ya daɗe."

Baƙon ya juya ga Manaja ya ce duk rassan da ya zaga, wannan ne shugaban sashe na farko da ya faɗi gaskiya ba a matsa masa ba. Ya ce irin waɗannan suke nema. Manaja ya yi wani murmushin dole, yana kallon Dogo kamar bai taɓa saninsa ba.

A nan ne ya kamata in tashi. Kalma biyar sun isa: ranka ya daɗe, kuskure ne. Bakina ya buɗe, na rantse ya buɗe. Amma sai na hango tambayar da za ta biyo baya, wa ya buga, kuma me ya sa. Na sunkuyar da kai na rubuta a littafin taro da hannuna: sito, mutum huɗu.

Dogo ya fito yana walƙiya. Ya tsaya a teburina ya rage murya. "Kin ga yadda ya kalle ni? Yau na san na yi karatu."

Bai kai la'asar da wannan farin cikin ba. Manaja ya kira shi, aka rufe ƙofa. Ina jin muryarsa tana tashi: "Ba haka nake nufi ba! Rukuni na ce, rukuni!" Manaja kuma yana cewa an riga an tura rahoto sama, kuma mutumin ba ya son a mayar da shi baya. Wai ma za a ƙara wa Dogo girma.

Alhamis da safe sunaye huɗu suka sauko daga babban ofis. Sun bi shekaru, suka ɗauki waɗanda suka fi daɗewa. Sunan Kawu ne na farko. Ni aka miƙo wa in shirya takardun sallamar, Manaja zai sa hannu ranar Litinin.

Kafin azahar labari ya gama sito, kun san Rediyo ba ta da maɓallin kashewa. Mutanen da ke cin abinci kwano ɗaya da Dogo suka tashi suka bar masa benci. Wani ya rubuta kalmar da alli a ƙofar ofishinsa, bai ma iya rubuta ta daidai ba. Na sauka da wata takardar ƙarya a hannu don in gani da idona. Kawu yana kan motarsa yana ɗaga kwalayen waya, yana ajiye su a hankali yadda ya saba. Ya gan ni. Ya danna hon sau ɗaya.

"'Yata, ya na ga kin rame?"

"Lafiya lau, Kawu."

"Kada ki sa abin nan a ranki. Yaron nan ni na raine shi, na san bakinsa ne ya zame, ba zuciyarsa ba. Ki gaya wa babanki Asabar tana nan. Aiki daban, wannan daban."

Na juya da sauri kafin ya ga fuskata.

Da yamma Dogo ya tsaya a bakin ƙofar kamfani yana jirana. Ya cire nakatayin tun jiya, idonsa ja.

"Malama ta ce min ta gyara," ya ce. "Ga saƙonta, duba. Ta gyara, amma ta bar wannan? Ita da ta san ma'anarsa? Ai su suka kawo ta. Aikinta ke nan, ta sa mu yanka kanmu da bakinmu."

"Wataƙila ba ta lura ba," na ce, murya can ƙasa.

"Kada ki kare ta. Tun jiya take kira ban ɗauka ba. Kin ga." Ya buɗe wayar a gabana, ya toshe lambarta, ya goge sunan. "Da ke na bari kika duba min kamar da, da duk wannan bai faru ba. Ki yafe min. Na san na yi miki laifi kwanakin nan."

Ga abin da ya fi komai muni, kuma saboda shi na kasa rubutu kwana uku. Na ji daɗi. A daidai lokacin da yatsansa ya goge sunanta, wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Tsoho zai rasa aikin shekara ashirin da biyu, mutum uku za su koma gida su kalli 'ya'yansu, ni kuma ina tsaye a bakin titi ina jin daɗi. Daɗin bai kai minti ɗaya ba, amma na ji shi, kuma na san shi.

"Ba komai," na ce masa. "Ya wuce."

Juma'a Malama ta kira ni sau huɗu. Ban ɗauka ba. Ta turo saƙo: "Ina son magana da ke." Na karanta ta saman allo don kada ta ga na buɗe.

Asabar gidanmu ya tashi tun da safe. Umma ta sa aka fitar da kujeru aka kakkaɓe, aka canza labule zuwa masu ruwan zuma waɗanda ba a ratayawa sai da dalili. Ƙannena suna goge kofunan gilashi suna tsokanata. Gwaggo ta sa sabon tabaranta, ta zauna tun ƙarfe biyu a kujerar da ke kallon ƙofa, wai kada a fara ba ita. Kawu ya ce ƙarfe huɗu za su iso.

Ina ɗaki gaban madubi, na sa rigar da Umma ta ɗinka min, shuɗiya mai ƙananan duwatsu a wuya, ina ƙoƙarin saka ɗan kunne. Ƙarfe uku da rabi Umma ta turo ƙofa.

"Kin yi baƙuwa. Wata mai tabarau, 'yar gayu da ita, ga ladabi. Ta ce daga wurin aikinku."

Ɗan kunnen ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado.

Na same ta a ƙaramin falo, ta ajiye jaka a cinya, shayin da aka kawo mata ko taɓawa ba ta yi ba. Ta gaida Umma da "Mama" har ƙasa, ta roƙi a ba mu minti biyar. Umma ta fita ta ja labule.

"Rediyo ce ta kwatanta min gidan," ta ce. "Ki yi haƙuri, na san yau ranarki ce. Shi ya gaya min tun makon jiya. Kullum zancenki yake, har na haddace sunan da kike kiransa."

Ta buɗe jaka ta fito da takarda biyu ta shimfiɗa a kan tebur, gefe da gefe. Shafi na bakwai, da shafi na bakwai.

"Ban zo faɗa ba, kuma ban zo tambayar dalili ba. Ni ma mace ce. Jiya na je wurin wakilin na ce masa kuskure ne. Ya ce in kawo hujja, don a ganinsa ina kare aikina ne kawai. Ina da saƙon da na turo miki na ce ki buga wanda na gyara, da lokacin da kika buɗe shi. Zan iya tura masa yanzu daga nan inda nake zaune." Ta cire tabarau ta murza ido, sai na ga ita ma ba ta yi barcin kirki ba. "Amma idan daga hannuna ya fito, korarki za su yi a ranar, shi kuma a bakin wasu zai ji. Idan ke kika je da ƙafarki kafin Manaja ya sa hannu, wataƙila a tsaya a gargaɗi. Mutum huɗu ne, 'yar'uwa. Ɗaya matarsa ta haihu watan jiya."

"Idan na faɗa, ya bar ni," na ce. Ban san lokacin da hawaye ya ɓata min kwalli ba.

"Zai iya. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Wayata ta yi ƙara a hannuna. Dogo ne: "Mun iso da wuri. Muna ƙofar gida ni da Kawu. Ya sa babbar rigarsa, sai kin gan shi."

Daga waje na ji muryar Abba yana cewa, "Maraba, maraba, bismilla ku shigo," na ji dariyar Kawu tana amsawa. Na miƙa hannu zan tattare takardun nan biyu, sai labule ya motsa. Umma ce, da faranti a hannu. Ashe ba ta yi nisa ba. Ta ajiye farantin a hankali, ta dubi takardun, ta dube ni.

"Kafin ki fita gaban mutanen nan," ta ce, "ki dubi idona ki gaya min. Wacce kika buga?"